Tsohon Agogon Baba Zai Iya Shiga Teku?

[Hoto: hannu a ƙarƙashin ruwa, da tsohon agogo a wuyansa]

Tambaya ɗaya ce ta cika min akwatin saƙo a makon nan. Mutum zai je hutu Dahab ko Sharm el-Sheikh a Masar, zai goya tukunyar iska ya nutsa Bahar Maliya, kuma yana so ya shiga da agogon da ya gada. Ya ce an rubuta 30M, wato mita 30, a bayansa, shi kuwa takardar koyon nutso ta farko mita 18 kawai ta yarje masa. To ina matsalar?

A takarda lissafin ya fita. A cikin ruwa ne bai fita ba.

Bari mu yi sauri a nan. Duk mita 10 da ka sauka, ruwa yana ƙara maka matsi daidai da na iskar da ke kanka a doron ƙasa. A mita 18 kenan matsin da ke kanka ya kusa ninki uku na doron ƙasa. Shi kuma 30M ɗin gwaji ne na cikin ɗaki, agogo sabo dal, yana zaune ba motsi. Kamfanonin da kansu cewa suke wannan lambar ta wanke hannu ce da yayyafi. Agogon nutso na gaske yana bin ƙa'idar ISO 6425: aƙalla mita 100, kuma kowane ɗaya sai an gwada shi da ƙarin matsi na kashi 25 cikin ɗari.

Amma ba ma wannan ne ya fi damuna ba. Ku matso.

[Hoto: ana buɗe murfin baya]

Kun ga wannan siririn baƙin zoben? Roba ce. Ita ce mai gadin ƙofa, ba ƙarfen ba. Akwai ɗaya a murfin baya, akwai wata ƙarama a cikin ɗan kan da ake wana agogo da shi, sannan ga bakin gilashi. Lambar da ke baya tana ba da labarin ranar da agogon ya bar masana'anta ne. Ita kuwa roba tsufa take yi. Kun san robar ɗaure kuɗi da aka manta da ita a aljihun tebur shekara biyu? Kana ja ta tsinke. To wannan ta fi shekara 40 tana shan zufa, da turare, da zafin rana.

Ku duba yadda na taɓa ta da tsinke.

[Hoto: zoben yana marmashewa]

Wata ma ba ta marmashewa, narkewa take ta zama kamar kwalta.

Sai wani ya ce, ai kullum da shi Baba yake alwala, bai taɓa shan ruwa ba. Gaskiya ne. Amma ruwan buta zuba yake ya wuce, na teku kuwa tura kansa yake ta kowace kafa, ga gishiri. Da ya shiga, sai ka ga hazo a cikin gilashi, bayan 'yan kwanaki tsatsa ta kama ƙafafun inji. Fuskar agogon da ta yi shekaru tana canza launi a hankali, ba mai gyaran da zai dawo maka da ita.

In ka nace, to ga abin yi. A sauya duka robobin, a duba gilashin, a kai shi gwajin matsi. Gwajin kamar aikin mai faci ne: a matsa wa agogon iska a cikin tulun gilashi, a tsoma shi a ruwa, a saki iskar. In ka ga yana ɓul-ɓul, akwai huda. Ka tambayi mai gyara har matsi nawa ya gwada, domin ba kowane shago ne ke da injin ba.

Ko ya ci gwajin, ba shi da zoben nan mai juyawa da ake ƙirga mintuna, irin wanda kamfanin Blancpain ya fito da shi a agogonsa na nutso mai suna Fifty Fathoms a 1953. Masu nutso na yau ma 'yar kwamfutar hannu suke bi.

Nawa dai, Seiko 5 ɗin da na gada, a cikin safa nake cusa shi, in kulle a ɗakin otal.