San Marino: ƙasar da take canza shugabanni duk bayan wata shida

Akwai wani dutse a kudancin Turai. Sunansa Titano, tsayinsa mita 739, kuma a bisa ƙoƙon kansa babban birnin wata ƙasa yake zaune. Ƙasar ita ce San Marino. Italiya ta kewaye ta gabas da yamma, kudu da arewa. Faɗinta duka murabba'in kilomita 61 ne, mutanenta kuwa wajen dubu 34.

Ta ina ake shiga? Babu filin jirgin saman fasinja, jirgin ƙasan da yake zuwa a da kuma an lalata layinsa a 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu. Sai dai ka sauka a Rimini, wani gari a bakin tekun Italiya, ka hau bas, cikin ƙasa da awa guda kana gindin ganuwa. Ba shinge, ba mai tsayar da kai. Amma fa tunda ta Italiya za ka bi, mai fasfon Najeriya ko Nijar sai da bizar Shengen, wato bizar bai-ɗaya ta shiga Italiya da wasu ƙasashen Turai. Kuɗinsu yuro ne, duk da ba sa cikin Tarayyar Turai.

Mutanen ƙasar sun ce wani mai sassaƙar dutse, Marinus, shi ya kafa ta a shekara ta 301, da ya gudo kan dutsen nan don tsira da addininsa na Kirista. Labarin kaka da kakanni ne. Abin da takardu suka tabbatar ya ma fi ban mamaki: tun 1243 mutum biyu ne suke shugabancin ƙasar tare, kuma wata shida kacal suke yi. Ranar 1 ga Afrilu a rantsar da biyu, ranar 1 ga Oktoba su sauka a ɗora wasu. Majalisa mai kujeru 60 ce take zaɓensu. Kafin kujerar ta yi wa mutum daɗi, wa'adinsa ya cika. Idan tafiyarka ta dace da ɗaya daga cikin ranakun nan, je ka dandalin da ke gaban fadar gwamnati, Palazzo Pubblico, ka ga sababbin shugabannin cikin baƙaƙen tufafi irin na ɗaruruwan shekarun baya, dogarai na take musu baya.

To, sai hawa. Hasumiya uku ce a jere kan dutsen: Guaita, wadda ta fi tsufa, sai Cesta a wuri mafi tsayi, cike da takubba da sulke na da, sannan Montale, wadda ba a shiga cikinta. Tsakanin ta farko da ta biyu akwai wata siririyar hanya ta dutse a gefen kwazazzabo. Matakalar ta sha tafin ƙafa har ta yi santsi, kuma a Guaita sai ka bi wani tsani mai tsaye, ka kutsa ta ƙaramar kafa kafin ka fito sama. Daga can, idan gari ya yi garau, har teku kana hange. Nan za ka gane abin da ya sa wurin ya yi wuyar ci da yaƙi, da kuma dalilin da ya sa Garibaldi, jagoran yaƙin haɗa kan Italiya, ya zo neman mafaka a 1849. Kada ka zo da takalmi mai santsi.

Shagunan turare da takubban ado da suka cika lungu, wuce su kawai. Yawancin baƙi wuni suke yi su koma Rimini, shi ya sa tsakar rana ba masaka tsinke. In da hali, kwana. Da yamma gari ya zama naka.

Wajen cin abinci, gurasarsu ana ce mata piadina, kuma sau da yawa da naman alade ake haɗa ta, don haka ka tambaya tukuna, ko ka ce a sa maka cuku da ganye. Hatimin shiga ƙasa kuwa, tunda ba a bugawa a kan iyaka, sai ka je ofishin masu yawon buɗe ido ka biya 'yan yuro a buga maka a fasfo.