Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki a Wajen Nunin Littattafan Likitancin Dā

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka. Hakimai da 'yan majalisa, malamanmu, likitoci da ma'aikatan jinya, Sarkin Aska da jama'arsa, ɗalibai, iyayenmu mata, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, a madadin kwamitin da ya shirya wannan nuni, ina yi maka barka da zuwa. Mun san fada ba ta rabuwa da jama'a, amma ka tsallake duk wannan ka tako da ƙafarka domin ka duba tsofaffin takardu. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Abin da muka jera a bangon wannan ɗaki hotuna ne na shafukan littattafan da likitocin dā suka rubuta da hannu, asalinsu kuwa yana ajiye a ɗakunan karatu na ƙasashe daban-daban. Za ka ga zanen ido daga littafin Hunainu ɗan Ishaƙu, wanda ya rasu a 873, an fitar da kowane ɓangare an rubuta sunansa. Akwai shafin Arrazi, wanda ya bambance agana da ƙyanda tun ana ɗaukarsu ciwo guda. Akwai kuma Alƙanun na Ibnu Sina, da ya kammala a 1025.

Sai dai ina roƙon Mai Martaba ya ɗan jinkirta a tebur na uku, domin can ne zuciyata take. Abul Ƙasim Azzahrawi ya rayu a Andalus, a ƙasar Spain ta yau, kusa da birnin Kurɗuba, ya rasu wajajen 1013. Littafinsa Attasrif kashi talatin ne, kuma kashi na ƙarshe ya keɓe shi ga aikin hannu, wato tiyata. A ciki ya zana kayan aiki wajen ɗari biyu: asake iri-iri, da ƙugiyoyi, da hantsaki, da zarto na yankan ƙashi, da ƙarafan lalas. Idan ka matsa kusa za ka ga zanen ya ratso tsakiyar rubutu, daidai wurin da ake bayanin yadda za a riƙe abin. An yi haka ne domin ɗalibin da ke wani gari mai nisa ya ɗauki littafin ya kai wa maƙeri, a ƙera masa irinsa. Azzahrawin ne kuma ya yi bayanin ɗinke rauni na ciki da zaren da aka murza daga hanjin dabba.

Ya kasa wannan kashi gida uku. Na farko lalas, na biyu tsaga da ƙaho da jinyar rauni, na uku ɗori. Da na karanta wa Sarkin Aska wannan jerin a makon jiya, sai ya yi shiru, can ya ce ai wannan zabirarsu ce aka zazzage a takarda. Gaskiyarsa. Amma akwai abin da Azzahrawi ya dage a kai wanda nake so yaranmu su ji. Yana kiran ɗalibansa da 'ya'yansa, yana gargaɗinsu kada wanda bai san yadda jijiyoyi da gaɓoɓi suke ba ya kuskura ya ɗora aska a jikin mutum. Har ya ba da labarin wani da ya gani ya tsaga kumburi a wuyan wata mata, ya yanke jijiyar jini, ta mutu a hannunsa. Ni wannan shafin ya fi burge ni a kan duk zane-zanen, domin mutumin yana jin tsoron Allah a kan ran majinyaci.

A ƙarni na 12 aka mayar da wannan kashi na tiyata zuwa harshen Latin a birnin Toledo na ƙasar Spain, Turawa suka yi ta karantar da shi ɗaruruwan shekaru. A 1465 kuma wani likita Baturke a garin Amasya, Sharafuddin Sabuncuoglu, ya ɗora a kansa, ya ƙara hotunan likita da majinyaci ana cikin aiki, har da mata masu yi wa 'yan'uwansu mata magani. Shafuka biyu daga ciki suna nan kusa da ƙofa.

Ranka ya daɗe, wannan ilimi bai tsaya a bakin hamada ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin mulki da yaƙi ya zauna ya yi rubutu a kan basur, da ciwon ido, da amfanin filasko. Irin waɗannan takardu suna nan a gidajen malamai cikin adaka da gafaka.

A nan kukanmu yake. Kakana ya bar adaka guda cike da littattafai. Muka rufe ta a ƙuryar ɗaki muna ganin girmamawa ce. Bayan damina kamar goma da na buɗe, gara ta riga ni. Na ɗaga wata takarda da ke maganar maganin ido, rabinta ya zube a tafin hannuna kamar dusa. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Gidaje da yawa suna tsoron fito da nasu, kada a karɓa a ƙi mayarwa. Mu ba ɗauka za mu yi ba. Za mu je har zaure, mu ɗauki hoton kowane shafi a gaban mai littafin, mu kakkaɓe, mu naɗe, mu miƙa masa abinsa. Amma ƙofar da za mu yi shekara muna ƙwanƙwasawa, kalma ɗaya daga bakin Sarki ta hannun hakimai da dagatai da limamai za ta buɗe ta. Wannan alfarmar muke nema.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, ya mayar da kai fada lafiya. Yanzu ina gayyatar Mai Martaba ya buɗe mana wannan nuni, ɗalibanmu suna jiranka a tebur na farko.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.