Daren Litinin a Titin Houston: Zaman Marubuta Waƙa da Ya Haura Shekara 30

Jama'a masu kallonmu, assalamu alaikum. A wannan shiri za mu leƙa wani ƙaramin gida a unguwar Greenwich Village da ke birnin Niyok na ƙasar Amurka, inda wasu mutane suka shafe fiye da shekara 30 suna haɗuwa sau ɗaya a mako domin abu guda, wato kowa ya rera sabuwar waƙar da ya rubuta, sauran su kasa kunne, sannan su gaya masa gaskiyar abin da suka ji. Yawancin masu zuwa wannan zama ba da waƙa suke cin abinci ba. Da rana kowa yana can wajen neman na kansa, wani a ofis, wani a gidan abinci, wata a makaranta, sai dare ya yi su hallara, kowa da 'yar takardarsa a aljihu.

Kafin a gane dalilin kafa zaman, sai an san halin da unguwar take ciki a wancan lokaci. A farkon shekarun 1960 Greenwich Village ce matattarar mawaƙan da ke rubuta waƙarsu da kansu, su kuma rera ta da jita kaɗai, kuma nan ne shahararren mawaƙin nan Bob Dylan ya sauka a 1961 yana saurayi. Amma kafin tsakiyar shekarun 1970 kasuwa ta juya musu baya, domin kamfanonin faifai sun koma wa kiɗan rawa da manyan ƙungiyoyin makaɗa, wuraren da aka saba rera irin waɗannan waƙoƙi kuma suka yi ta raguwa. Wanda ya rubuta waƙa a lokacin yana iya ajiye ta wata da watanni ba tare da kunnen kowa ya ji ta ba, ita kuwa waƙar da ba a rera wa mutane ba, mai ita ba ya sanin inda ta tsaya da ƙafarta da inda ta yi ɗingishi.

A 1977 aka buɗe wani ɗan gidan shan gahawa mai suna Cornelia Street Café, kuma a ƙarshen shekarar wasu marubuta waƙa suka fara taruwa a cikinsa kowane daren Litinin. Suka kira zaman nasu Songwriters Exchange, ma'ana dandalin musayar waƙoƙi tsakanin marubuta. A 1980 har an fitar da faifai guda na waƙoƙin da aka fara rerawa a wurin. Daga baya zaman ya koma gidan haya na ɗaya daga cikinsu, wani mawaƙi mai suna Jack Hardy, a kan titin Houston, kuma shi ne ya riƙe shi har ƙarshen rayuwarsa. An haifi Hardy a 1947, kuma duk da cewa ya fitar da faya-fayai masu yawa, sunansa bai taɓa cika kasuwar Amurka ba, har ma an fi sauraronsa a wasu ƙasashen Turai. Abin da aka fi tunawa da shi a yau shi ne wannan ɗaki da ya buɗe wa mutane.

Tsarin zaman ba shi da wuya. Mai gida yakan dafa babbar tukunyar taliya, a fara cin abinci tukuna, sannan a kewaye ɗakin ana miƙa jita daga hannu zuwa hannu. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a kuma tambayar mutum ko ya taɓa hawa dandamali. Sharaɗin da aka tsaya a kansa shi ne waƙar ta kasance sabuwa, wadda aka rubuta a cikin makon, kuma Hardy da kansa yana bin wannan doka kamar kowa.

A ganina wannan sharaɗi shi ne ƙashin bayan zaman gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa gwada rubuta waƙa ya san cewa babban abokin gabansa shi ne jira. Mutum yakan ce sai ranar da zuciya ta buɗe, sai ranar da baiti ya zo da kansa, sai ya wayi gari shekara ta wuce yana riƙe da rabin waƙa guda. Idan kuwa ya san cewa ranar Litinin akwai mutanen da za su zuba masa ido, dole ya zauna ranar Asabar ko Lahadi ya ƙarasa abin da ya faro, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Wanda ya riƙe wannan ƙa'ida shekara guda zai sami waƙa 52 a hannunsa. Babu shakka da yawa daga cikinsu ba za su wuce daren da aka rera su ba, amma a cikin wannan tari ne ake tsintar biyar ko shida masu rai, kuma hannun da ya saba da rubutu kowane mako ya fi saurin gane hanya idan waƙa ta gaske ta zo.

Sharaɗin yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. Da an bar kowa ya zaɓi abin da zai rera, da gwanaye sun riƙa ɗauko tsofaffin waƙoƙinsu da suka riga suka goge, sabon shiga kuma ya ji kunya ya koma gefe. Amma tun da kowa ɗanyen aiki ya kawo, wanda ya yi shekara 20 yana rubutu da wanda ya fara bara duk suna cikin fargaba iri ɗaya, domin babu wanda ya san ko abin da ya rubuta jiya da dare zai tsaya a gaban jama'a.

Doka ta biyu ta shafi baki. An san Hardy da katse duk wanda ya fara doguwar shimfiɗa kafin waƙa, yakan ce masa ya yi shiru ya rera waƙar kawai. Wanda bai saba ba zai ɗauka rashin kara ne, amma akwai hikima a ciki. Marubuci yakan so ya fara da bayanin cewa waƙar a kan kakarsa ce, ko kuma ya nemi afuwa cewa bai gama gyara ta ba. Da zarar ya yi haka ya riga ya gaya wa masu sauraro abin da za su ji, ya kuma ɗaure musu baki. Ranar da waƙar za ta fita duniya kuwa, mai ita ba zai bi ta gida-gida yana fassara ta ba. Idan baitocin ba su nuna cewa a kan kaka ake magana ba, to aikin bai kammala ba, kuma gara ya ji haka daga bakin abokan sana'a a cikin ɗaki.

Bari mu kawo misali domin a ga yadda irin wannan tattaunawa take gudana. A ce wata matashiya ta rera waƙa mai baiti huɗu a kan rasuwar mahaifinta. Ta gama, ɗaki ya yi tsit na ɗan lokaci. Sai wani ya ce mata baiti na uku ne ya kama shi, inda ta ambaci takalmin mahaifin da har yanzu yake bakin ƙofa babu wanda ya iya ɗauke shi, kuma yana ganin daga nan waƙar ta fara, baitoci biyun farko share fage ne kawai. Wata ta ce amshin yana faɗin baƙin ciki ƙarara har sau uku, alhali takalmin ya riga ya faɗe shi ba tare da an kira sunansa ba. Wani kuma ya nuna mata wata kalma a ƙarshen ɗango da aka sa don amsa-amo ya daidaita kawai, ba don ma'ana ta neme ta ba. Babu wanda ya taɓa zancen muryarta ko iya kaɗa jitarta, kuma babu wanda ya ce mata ta sauya abin da take ji game da mahaifinta. Duk maganar a kan ginin waƙar take, kuma ita ce za ta koma gida ta yanke abin da za ta ɗauka da abin da za ta bari.

Wannan shi ne bambancin irin wannan zama da dandalin da ake bai wa kowa makirufo ya rera a tafa masa. Tafi yana da daɗi, amma ba ya gaya wa marubuci wane ɗango ne ya yi rauni. 'Yan uwa da abokai kuma sukan ce waƙa ta yi kyau saboda ƙauna. Wanda ya kwana yana kokawa da nasa baitin ne kaɗai zai iya sa yatsa a daidai inda naka ya karye.

Sai dai tsarin yana da nasa haɗari, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Duk zaman da mutum ɗaya mai ƙarfin ra'ayi yake jagoranta, akwai yiwuwar ɗanɗanonsa ya zama ma'aunin kowa, har a wayi gari mutane suna rubuta abin da zai burge ɗakin maimakon abin da ke ransu. Haka kuma gyara mai zafi yana iya kashe gwiwar wanda ya zo karon farko da waƙar da ya ɗauko daga cikin cikinsa. Ina ganin cin abincin da ake fara yi yana rage wannan zafi ƙwarai, domin wanda kuka ci daga tukunya ɗaya da shi, maganarsa ba ta yi maka ciwo kamar ta baƙo, kuma wanda ya soki waƙarka yanzu, nan da ɗan lokaci jitar za ta iso hannunsa, kai ma ka saurari tasa.

A 1982 mutanen wannan da'ira suka ɗauki wani mataki. Tun da kamfanoni ba sa neman su, sai suka fara fitar da mujallarsu da kansu, wadda kowace fitowa take zuwa da faifai ɗauke da sababbin waƙoƙi. Da farko sunanta The CooP, daga baya ta koma Fast Folk Musical Magazine, kuma a farkon fitowarta dala 2 ake sayar da ita. Manufar ita ce a naɗi waƙa da sauri tun tana da ɗuminta, ba tare da jiran babban ɗakin naɗar sauti ko izinin wani attajiri ba. Mujallar ta rayu har zuwa 1997, ta fito fiye da sau 100, ta kuma adana muryoyin ɗaruruwan marubuta. A cikinta aka ji mawaƙiya Suzanne Vega tun kafin faifanta na farko ya fito a 1985, lokacin da take aikin karɓar baƙi a ofis bayan karatunta a kwalejin Barnard, kuma tana cikin masu halartar zaman na mako-mako. Shawn Colvin da John Gorka da Lyle Lovett da Tracy Chapman duk sun bayyana a faya-fayan mujallar kafin duniya ta san su. Amma kuskure ne a auna zaman da waɗannan sunaye kawai, domin mafi yawan waɗanda suka zauna a ɗakin ba su yi suna ba, kuma ba su fasa zuwa da sabuwar waƙa ba.

Wannan al'ada ba baƙuwa ba ce ga mai jin Hausa. A Kano, a shekarun 1970, marubuta waƙoƙin Hausa suna da ƙungiyoyinsu, irin su Hikima Kulob ta Alhaji Mudi Sipikin da Hausa Fasaha ta Alhaji Aƙilu Aliyu, inda masu sana'o'i daban-daban suke haɗuwa a kan rubutacciyar waƙa, a rera ta, har a kai ta gidan rediyo. Babu jita a nan, kuma ma'aunin kari da amsa-amo na Hausa daban yake, amma buƙatar iri ɗaya ce, wato sha'iri ya sami kunnen wani sha'iri kafin ya fuskanci jama'a.

Zaman titin Houston ya gamu da jarrabawa mafi girma a watan Satumba na 2001, lokacin da aka kai hari kan tagwayen benaye na Niyok, waɗanda ba su da nisa sosai da unguwar. Ɗan'uwan Hardy, wanda ya daɗe yana kaɗa masa kiɗa, yana cikin waɗanda suka rasu a ranar. Marubutan suka ci gaba da haɗuwa, kuma waƙoƙin da suka riƙa kawowa a makonnin da suka biyo baya da yawa daga cikinsu a kan abin da ya sami birninsu ne. Suzanne Vega ta tattara wasu daga cikinsu aka fitar a faifai guda a 2002.

Jack Hardy ya rasu a watan Maris na 2011 yana da shekara 63, bayan fama da sankarar huhu, kuma abokan zamansa suka ci gaba da haɗuwa da sunansa. Gidan gahawar da aka faro abin a cikinsa ya rufe a farkon 2019 saboda tsadar haya. Faya-fayan Fast Folk kuwa suna hannun Smithsonian Folkways, sashen adana sauti na cibiyar Smithsonian da ke birnin Washington, kuma duk mai sha'awa yana iya neman su a intanet ya saurari waƙoƙin kamar yadda aka naɗe su a wancan lokaci.