Gidanmu a Garwa: daga dakon jirgin ruwa zuwa masaƙa

Wannan ruwan da kuke gani kogin Binuwai ne, a nan Garwa, a arewacin Kamaru. Daga bakinsa tarihin gidanmu ya faro.

Kakana ɗan dako ne. A zamaninsa jiragen ruwa kan taso daga gaɓar teku a Najeriya, su biyo Neja, su shigo Binuwai har Garwa. Amma sai damina ta yi nisa, kogi ya cika, wata biyu ko uku kacal. A 'yan makonnin nan ake sauke gishiri da siminti da man fetur, a loda gyaɗa da dilolin auduga. Da ruwa ya ja baya, aiki ya ƙare. Kaka ya koma gona da ƙananan sana'o'i, abin da ya tara a bakin kogi shi za a lallaɓa har wata damina. Yaƙin basasar Najeriya na 1967 ya tsayar da jiragen, hanyar kuma ba ta sake komawa yadda take ba.

Kafin nan wata ƙofa ta buɗe. A 1965 aka kafa kamfanin CICAM, masaƙarsa a Garwa, rini da buga zane a Duwala. A 1974 SODECOTON, kamfanin auduga na Kamaru, ta karɓi harkar auduga daga hannun kamfanin Faransa, ta sa hedikwatarta a garin nan. Manomi ya noma, a gurje, a kaɗa zare, a saƙa akoko, anguryar kuma a matse ta a fitar da man girki. Duk a arewa.

Masaƙar nan Baba ya shiga, yana saurayi. Ku tsaya ku gane abin da wannan ke nufi ga gidan da bai taɓa sanin albashi ba. Ƙarshen wata kuɗi na zuwa, damina ko rani. Mai kanti ya yarda ya ba Inna bashi, don ya san ranar biya. Aka cire jinka aka sa kwano. Yara muka shiga boko, da yamma allo. Ina tuna Baba yana dawowa daga aikin dare, farar ƙurar auduga a gashin girarsa, Kaka na zaune a zaure yana ce masa, "Sannu da aiki, ɗan nan, Allah ya yi albarka." Har yau idan na tuna sai zuciyata ta motsa.

A Janairun 1994 aka karya darajar sefa. Faran ɗaya na Faransa da yake sefa 50 ya koma 100. Audugar da ake fitarwa waje ta samu kasuwa, amma mai albashi ya wayi gari magani da duk kayan waje sun yi tsada. Gwanjo ya cika kasuwa, atamfa mai araha daga Asiya ta biyo baya. Wa zai ga laifin matar da ta sayi abin da kuɗinta ya kai?

Mu jikoki, babu ko ɗaya a cikinmu da ya gāji injin Baba. Yayana acaɓa yake yi, ƙanwata tela ce, ni kuma ga ni da waya ina ɗaukar muku bidiyo. Kamar Kaka, abin da rana ta ba mu shi muke kaiwa gida. Katin aikin Baba na nan a akwatin Inna, cikin leda, tare da takardar gidan da albashinsa ya gina.