Sana'ar Mata da Yawan Haihuwa a Ƙauyukan Zazzau

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa matar karkara a Najeriya tana haihuwar 'ya'ya 5.9 a matsakaicin lissafi, ta birni 4.5, a Arewa maso Yamma kuwa 6.6. Wasu kan ce da zarar mace ta samu abin yi, haihuwa za ta ragu. Duk wanda ya san ƙauyukan Giwa, Soba, Kudan da Makarfi ya san zancen bai tsaya nan ba, irin aikin ake dubawa.

Mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ko mai daddawa, ko mai fura, a cikin gida take sana'arta, goyo a baya, hannu a turmi. Haihuwa ba ta tsayar mata da ciniki. Hasali ma yara ne ƙafafunta: su ne masu kai niƙa, su ne masu talla. Irin wannan sana'a ba ta rage haihuwa, kuma abin da ya fi damunmu, 'ya mace ce ke barin aji ta ɗauki faranti, daga nan sai aure da wuri, shekarun haihuwa su ƙaru.

Malamar firamare ko ma'aikaciyar asibitin ƙauye lissafinta daban ne. Tana da lokacin shiga da na tashi, kowane ciki sai ta nemi mai raino, shi ya sa take neman tazara da kanta.

Wadda aka fi mantawa da ita ita ce 'yar ƙwadago, mai roron wake da tsinkar barkono da tumatir. Shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne bisa sharuɗɗa uku: jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. Uwa ta wuni a gona, an bar yaro da ruwa da koko, tsotso ya ragu, kariyar ta karye ba ta sani ba. Sai kwanika, sai yayen dole, yaro ya rame, uwa ta shiga sabon ciki da ƙarancin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin.

Hanyoyin tazara suna nan a asibitocin matakin farko. Allura wata 3 take yi, ashanar hannu, wato siririn maganin da ake sakawa a ƙarƙashin fatar damtse, shekara 3 ko 5, gwargwadon irinta. Inda ake samun matsala shi ne ranar komawa allura ta faɗo tsakiyar kaka, aiki ya yi yawa, kuɗin acaɓa babu, a ɗaga har lokaci ya wuce. Maigida, ka riƙe wannan rana kamar yadda kake riƙe ranar zuba taki, ka kai ta da kanka.