Amsoshin Tambayoyinku: Fim ɗin Ɗalibi da Wayar Hannu

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da war haka, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. A wannan makon wasiƙu uku ne suka zo mana a kan magana ɗaya, kamar masu su sun haɗa baki. Dukkansu ɗaliban aikin jarida ne da aka ɗora wa haɗa gajeren fim kafin su kammala karatu, don haka muka ga gara mu amsa su a zama ɗaya.

Ta farko daga wata ɗaliba ce a Kano, 'yar ajin ƙarshe. Ta ce su biyar ne a rukuninsu, an ce su kawo fim na minti goma, ga shi kyamarar sashensu layi ake bi kafin a same ta. Sai ta ce: "Shin in muka ɗauka da waya zai karɓu, ko dole mu yi karo-karo mu yi hayar kyamara?"

To malama, fara da tambayar malamin da ke duba aikinku, domin shi ke riƙe da jan biro. In bai hana ba, waya ta ishe ku. A shekarar 2015 an nuna wani cikakken fim a bikin finafinai na Sundance a Amurka wanda da iPhone 5s aka ɗauke shi daga farko har ƙarshe, wayar da yau ko kyauta aka ba ƙaninki sai ya yi tsaki. Sai dai akwai abubuwan da za ku saita kafin ku danna. Yawancin wayoyi suna zuwa a kan hoto 30 a daƙiƙa ɗaya, wanda ya dace da wutar lantarkin Amurka mai bugun 60. Wutarmu a Nijeriya da Nijar da Ghana da Kamaru bugun 50 ce. Shi ya sa za ku ɗauki mutum a ɗaki ƙarƙashin ƙwan lantarki, ku ga hoton yana ƙyafta ido, ko wasu layuka suna gangarowa. Ku mayar da wayar kan hoto 25 a daƙiƙa. In manhajar kyamarar wayar ba ta ba ku dama ba, akwai Open Camera a Android, akwai Blackmagic Camera, dukkansu kyauta ne. Ku kulle haske da saitin ido, wato inda kyamara ke fito da hoto tar, kada wayar ta riƙa sauya su da kanta a tsakiyar magana, ku kwantar da ita a kwance, ku ɗora ta a kan abin ɗora kyamara mai ƙafa uku. Batun 4K kuwa, wato girman hoto da ya fi na 1080, ni ban ga amfaninsa gare ku ba. A iPhone minti ɗaya na 4K yana cin wajen megabait 170, na 1080 kuwa wajen 60, kuma a allon ajinku za a kalla.

Kuɗin karo-karon nan, ku kai shi wajen sauti. A nan nake so ki buɗe kunne da kyau. Mai kallo zai jure hoto mai ɗan duhu, amma da ya ce "me ta ce?" sau biyu, ya janyo wayarsa, shi ke nan kun rasa shi. Ni ma na taɓa ƙonewa. Ina sabon shiga aikin nan na je hira da wani dattijo mai rini, hira mai daɗin gaske, na dawo na saka a kunne, ba abin da ke tashi sai janareton maƙwabta da wani zakara da ya ƙi yin shiru. Kunnen mutum yana tace hayaniya ba tare da ya sani ba, makirfo kuwa ba ya zaɓe, duk abin da ya ji kwashewa yake. Makirfon da ke jikin wayar ɗauka yana nesa da bakin mai magana, kuma nisan nan shi ne ciwon. Ku sayi ɗan ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuyan riga. In babu hali, ku sa wata wayar a aljihun gaban mai magana tana naɗar murya ita kaɗai. Kafin kowace ɗauka, wani ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara. Wannan tafin da shi za ku daidaita murya da baki a wajen editin. Ku lura da hijabi da mayafi da babbar riga mai sitati, suna gogar makirfo su ba da ƙara kamar ana murza leda. Ku kashe fanka ko da za a yi gumi. Ku san lokacin kiran salla a unguwar da kuke aiki, ku tsara ɗaukarku a tsakanin salloli. In kun gama da wuri, kowa ya yi tsit na minti ɗaya ku naɗi shirun ɗakin, domin kowane ɗaki da irin shirunsa, kuma da shi ake cike giɓi tsakanin magana da magana. Mutum ɗaya daga cikinku biyar ɗin nan, aikinsa kawai ya sa abin ji a kunne. Kada ya riƙe fitila, kada ya je sayen ruwa.

Wasiƙa ta biyu daga Zariya take. Mai ita ya ce kwamfutarsa tsohuwa ce, da ya ɗora bidiyo sai ta sandare, kuma wani abokinsa ya ce zai saka masa manhajar editin Premiere ta sata. Yana tambaya ko ya karɓa.

Ɗan'uwa, kada ka karɓa. Ban da cewa haƙƙin wasu ne, irin waɗannan manhajoji da aka fasa sukan zo da ƙwayar cuta a ciki, kuma ba ta tashi nuna halinta sai ana saura kwana biyu a miƙa aiki. DaVinci Resolve yana da na kyauta na halal, kuma da shi ƙwararru ke gyaran kala, sai dai yana son kwamfuta mai ƙarfi. Taka da ka ce ta tsufa, gwada mata Shotcut ko Kdenlive. Sannan ka koyi abin da ake kira furoksi: manhajar za ta yi maka ƙananan kwafi marasa nauyi ka yi yanke-yankenka da su, in ka zo fitarwa ta koma kan na asali. Wani abin kuma, waya ba ta riƙe adadin hotonta daram, takan ɗan hau ta ɗan sauka, shi ya sa za ka ga baki da murya sun fara tare, zuwa minti na shida murya ta riga baki. Ka bi da bidiyon ta HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, shi ma kyauta ne, ka tsayar da shi a 25 kafin ka fara.

Ka kuma gaya wa 'yan rukuninku su daina turo maka ɗauka ta WhatsApp yadda ake tura bidiyon biki, matse shi yake yi ya zubar da ingancin. Ku yi amfani da kebul, ko a tura shi a matsayin fayil. Kowace rana kuka dawo daga lokeshan, kafin a ci abinci, a kwafe abin da aka ɗauka wuri uku: kwamfuta, da rumbun ajiya na waje, da wani wuri da ba gidanka ba. Memori mai arha ka yi hattara da shi. Akwai na jabu da za a rubuta gigabait 128 a jikinsa alhali cikinsa bai kai haka ba, ya yi ta karɓa yana haɗiye na baya. Ka cika shi a gida ka buɗe ka gani kafin ka amince masa.

Ta uku daga Damagaram a Jamhuriyar Nijar. Ya ce fim ɗinsu da Hausa ne, za su sa fassarar Faransanci a ƙasa, amma sunayen da suka rubuta masu ƙ da ɗ da ɓ sai su fito kamar akwatuna. Ya kuma tambaya ko zai iya ɗauko kiɗa daga YouTube ya sa.

Akwatunan nan laifin salon harafin da kuka zaɓa ne, ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa. Ku koma Noto Sans ko Andika, suna da su duka, har da ƴ da kuke rubutawa a Nijar inda mu a Nijeriya muke sa 'y. In fassarar a fayil daban take, a adana ta da tsarin UTF-8, tsarin adana rubutu mai ɗaukar waɗannan haruffa. Kada ta wuce layi biyu a lokaci ɗaya, kuma ku bar ta ta daɗe yadda mai karatu a hankali zai gama. Karin magana kuwa ma'anarta za ku ba Bafaranshe, in kuka bi ta kalma-kalma dariya za a yi a inda ba wurin dariya ba.

Kiɗa kuma yana da mai shi. YouTube na da tsarin da ke gane kiɗa da kansa, kuna ɗora fim ɗin zai iya toshe shi ko ya mayar da kuɗin talla ga mai waƙar, kuma bukukuwan finafinai sukan nemi shaidar cewa kuna da izini. Kana zaune a Damagaram, malam, za ka rasa mai gurmi ko mai kalangu? Ku je ku same shi, ku yi ciniki, ku naɗa a ɗaki mai shiru, ya sa hannu a takarda cewa ya yarda, ku rubuta sunansa a ƙarshen fim. Haka ma duk wanda fuskarsa ta fito sosai, a nemi yardarsa a rubuce, yaro kuma a nemi ta iyayensa.

A ƙasan wasiƙar Kano akwai ɗan ƙarin tambaya a kan jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto daga sama. A Nijeriya sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Fim na minti goma, malama, ku roƙi mai gidan bene ya bar ku ku hau sama.