Ƙaramar Bindiga Mai Araha: Tana da Aminci, Kuma Ta Cancanci Saye?

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu. Mai girma shugaban taro, iyayenmu malamai da masu unguwanni, 'yan uwa maza da mata, ina gode muku da kuka baro harkokinku kuka zo wannan zama.

Tambayar da aka ɗora mini ita ce ko ƙananan bindigogi masu araha, waɗanda ake kira fistol ko libarba, abin dogaro ne, kuma ko ya dace mutum ya sa kuɗinsa ya saya. Ban ɗauki wannan tambaya da wasa ba, domin na san daga inda ta fito. Wanda yake da dangi a Birnin Gwari ko Giwa ko Kajuru, wanda bai manta da harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na ranar 28 ga Maris 2022 ba, wanda ya ga halin da iyayen ɗaliban Kuriga suka shiga a watan Maris na 2024, ba za a zarge shi ba idan ya kwanta da dare yana tunanin abin da zai kare iyalinsa da shi. Saboda haka ba zan amsa masa da tsawa ba. Zan amsa masa da bayanin yadda bindigar take aiki, da abin da ya faru a ƙasashen da suka daɗe suna cinikinta a fili, sannan mu dawo gida.

Mu fara da abin da ke faruwa a cikin bindiga sa'ad da aka taɓa kunama. Allura tana bugun gindin harsashi, albarushi ya kama, iskar da ta taso ta ingiza dalma ta fita ta baki. A harsashin milimita 9, wanda shi ne ya fi yawa a fistol na zamani, ƙarfin wannan iska yana iya kaiwa fam 35,000 a kan kowane murabba'in inci. Tayar motar da kuka shigo zuwa nan, iskar da mai faci yake zuba mata ba ta wuce fam 30 da 'yan kai ba, wato abin da ƙarfen bindiga yake ɗauka ya ninka na taya wajen sau dubu, kuma yana ɗaukarsa ne a tafin hannun mutum, kusa da fuskarsa. Shi ya sa ƙasashen da suka daɗe da wannan sana'a ba su yarda da bakin maƙeri ba. A Ingila an kafa gidan gwajin bindigogi na Birmingham tun 1813, kuma a 1914 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashe da ke daidaita wannan gwaji. Ana ɗura wa fistol harsashin da ƙarfinsa ya ɗara na yau da kullum da kusan kashi 30 cikin 100, a harba, a duba ko ƙarfen ya tsage ko ya kumbura, in ya tsira a buga masa hatimi. Ba a sayar da ita sai da wannan hatimi.

Amurka ce ta fi kowa sanin bindiga mai araha, kuma tarihinta a can ya isa darasi. Kafin 1968 ana shigo musu da ƙananan libarba masu sauƙin kuɗi daga Turai, musamman Jamus ta Yamma. A shekarar aka yi dokar da ta toshe shigo da irinsu, sai wasu suka koma shigo da sassan suna harhaɗawa a cikin ƙasar. Bindigar da aka harbi Shugaba Ronald Reagan da ita ranar 30 ga Maris 1981 irin wannan ce, samfurin Röhm RG-14, wadda aka saya a wani shagon jingina a Dallas a kan kuɗin da bai kai dala 50 ba. A gefe guda kuma wasu kamfanoni suka taso a kudancin jihar Kalifoniya, irin su Raven Arms da aka kafa a 1970, da Bryco da Lorcin da Davis, suna zuba gangar jikin bindiga da narkakkiyar tutiya maimakon baƙin ƙarfe, domin zubi ya fi sassaƙa sauri da sauƙin kuɗi. Har sai da wasu jihohi, ciki har da Illinois da Minnesota, suka yi dokar hana sayar da bindigar da ƙarfenta yake narkewa a ƙasa da wani mizani na zafi.

Akwai shari'a guda da nake so ku riƙe. A 1994 wani yaro ɗan shekara 7 a Kalifoniya ya samu shanyewar jiki daga wuya zuwa ƙasa, bayan fistol ƙirar Bryco ta tashi a hannun wani da yake ƙoƙarin cire mata harsashi. An ƙera bindigar ne ta yadda ba za a iya zare harsashin da ke ciki ba sai an buɗe sakatar da ke hana ta tashi. Wato mutumin da yake son ya kawar da haɗari, ƙirar bindigar ce ta tilasta masa ya buɗe ƙofar haɗarin. A 2003 kotu ta ɗora wa kamfanin diyyar kusan dala miliyan 24, kamfanin ya durƙushe. Yaron bai tashi daga keken guragu ba, amma ku lura cewa akwai sunan kamfani a jikin bindigar, akwai lamba, akwai kotun da aka je.

Sai dai zan yi adalci, domin da na tsaya a nan da na bar ku da rabin labari. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma ba su ce ba ta aiki ba. Kamfanin Hi-Point da ke jihar Ohio ya shekara da shekaru yana sayar da fistol a ƙasa da dala 200. Tana da nauyi, ba ta da kyan gani, ita ma akwai tutiya a jikinta, amma masu ita da yawa sun shaida cewa tana harbi, kuma kamfanin yana gyara ta kyauta muddin tana nan, ko da ta sauya hannu. Kamfanin Taurus na Brazil, wanda shi ma da sauƙin farashi ya yi suna, a 2015 ya shiga sulhu a wata ƙara da ta shafi fistol kusan miliyan guda, waɗanda aka yi zargin suna iya tashi idan sun faɗi ƙasa. Bai amsa laifi ba, amma ya yarda a mayar masa da su ya duba, ya gyara ko ya biya. Kada kuma a zaci tsada ce maganin wannan cuta. Fistol ɗin SIG Sauer P320 ba ta masu ƙaramin ƙarfi ba ce, kuma a farkon 2017 rundunar sojan Amurka ta zaɓi wani nau'inta, amma a cikin shekarar kamfanin ya buɗe shirin sauya wasu sassanta kyauta bayan an nuna cewa tana iya tashi idan ta faɗi ta wata fuska.

Abin da na fahimta daga waɗannan misalai shi ne cewa amincin bindiga ba a farashinta yake ba. Yana tare da abubuwan da suka kewaye ta: wanda ya gwada ƙarfen kafin a sayar, kamfanin da za a iya mayar masa da ita, sabon harsashi daga masana'anta sananniya, filin da mai ita zai je ya harba ɗaruruwa har ya san halinta, da alƙalin da zai saurare shi idan ta cuce shi. A inda waɗannan suke, mai ƙaramin ƙarfi zai iya samun fistol mai araha da za ta yi masa aiki.

To, mu dawo Kaduna mu tambayi kanmu wanne daga cikin waɗannan muke da shi. Abin da ake kira fistol mai araha a nan galibi ƙirar gida ce, ko kuwa tsohuwar da ta ratso iyaka ta bi hannaye da yawa. Duk wanda ya taɓa zama a kotu ranar da aka kawo irin wannan a matsayin shaida ya san kamanninta. Za ka ga walda ta yi tudu a inda bututun ya haɗu da jiki, za ka ga sawun zarto, marikin katako ne da aka ɗaure da ƙusa, wani lokaci har da sunan wani kamfanin Turai da aka buga da guduma, haruffan sun karkace. Ba na raina maƙeranmu, domin su suka riƙe manomi da maharbi shekaru aru-aru, amma maƙera ba ta da na'urar da za ta nuna ko ƙarfe zai ɗauki ƙarfin da na ambata a baya. Gwajin farko na irin wannan bindiga a hannun wanda ya saya ake yinsa. Ita kuwa wadda ta ratso iyaka, ba ka san harsashi nawa ta ci ba, ba ka san ko an sauya mata wani sashe ba, kuma ba ka san ran wa aka ɗauka da ita ba kafin ta iso gare ka. Ranar da aka kama ta a hannunka, kai ne za ka amsa tambayar abin da ta aikata a baya.

Harsashin ma haka yake. Wanda ya kwana damina da yawa a cikin leda a ƙarƙashin ƙasa yana iya ƙin tashi. Yana iya jinkirtawa, ya tashi bayan mutum ya juyo da bakin bindigar yana dubawa. Mafi muni, yana iya tashi da rauni dalmar ta maƙale a tsakiyar bututu, na biyu ya zo ya tarar da hanya a toshe, ƙarfen ya fashe a hannu.

Yanzu ga maganar doka, wadda mutane da yawa suke yi wa gurguwar fahimta. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau ita ke aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka irin ta maharba, wadda ake ɗurawa ta baki, kwamishinan 'yan sandan jiha ne ke ba da lasisinta. Bindigar farauta ta zamani lasisinta yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Amma fistol da libarba, kowace iri, an sa su ne a rukunin haramtattun makamai, jeri ɗaya da bindiga mai sarrafa kanta da gurneti, kuma Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da izinin mallakarsu. Hukuncin wanda aka samu da ita ba izini ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Dokar ba ta bambanta ƙirar gida da ta waje ba, ba ta kuma bambanta ɗan fashi da magidancin da tsoro ya sa ya saya ba. Idan wani ya ce zai haɗa maka da takarda daga wani ofishi, ka sani takardar ba za ta tsaya maka a gaban alƙali ba. A garin nan muke da masana'antar ƙera makamai ta ƙasa, DICON, da aka kafa a 1964 a Kakuri, amma aikinta na sojoji ne da sauran jami'an tsaro, ba kanti ba ce da farar hula zai shiga ya yi ciniki.

Na san wani zai ce ai gwamnatin Zamfara a 2022 ta ce wa jama'a su nemi bindiga su kare kansu. An yi haka, amma sanarwar gwamna ba ta sauya dokar tarayya, kuma ba gwamna ke ba da lasisin fistol ba.

Mu ɗauka ma an kawar da doka gefe, kuma bindigar ta yi aiki yadda ake so. Me za ta yi maka? Fistol makami ne na kusa. A hannun gwani ma amfaninta bai cika wuce mita 50 ba, a hannun wanda bai saba ba kuwa, cikin duhu da firgici, ko faɗin tsakar gida ba lallai ya samu abin da ya nufa ba. Waɗanda ake tsoro suna zuwa ne da yawa a kan babura, ɗauke da AK-47 mai cin harsashi 30, wadda ke kaiwa mita 300. Harbi ɗaya daga ɗakinka zai sanar da su inda kake, ya kuma sauya niyyarsu daga ɗauka zuwa kisa, kai da waɗanda ke bayanka. Wannan magana tana da ɗaci, kuma ba don in karya wa kowa zuciya na faɗe ta ba.

Sannan bindigar ba a ranar hari kaɗai take gidanka ba. Tana nan kullum, a ƙarƙashin katifa ko a saman sif, a gidan da yara suke shiga ko'ina suna bincike. Tana nan ranar da rigimar gado ko ta iyakar gona ta yi zafi, da ranar da saurayin gidan ya dawo ransa a ɓace. Wanda ya saya a ɓoye ba zai iya fita ya koyi harbi ba, ba zai iya kai ta gyara ba, ba zai ma iya gaya wa matarsa yadda ake cire mata harsashi ba tare da ya tona asirin kansa ba. Ni a ganina wannan haɗari na kullum ya fi wancan amfani na rana ɗaya girma nesa ba kusa ba.

Don haka amsata ga ɗan'uwan da ya yi tambaya ita ce kada ya saya. Kuɗin da zai kashe ya fi amfani a ƙofar ƙarfe da sakata mai kyau, da fitila mai aiki da hasken rana a bakin layi, da gudummawa ga 'yan sintirin unguwa da hukuma ta san da su, waɗanda ke aiki tare da 'yan sanda da rundunar sa-kai ta jihar Kaduna. Manomi ko maharbin da yake da buƙatar bindigar toka ta gaskiya, ya bi ta hannun mai unguwa da hakimi zuwa ofishin 'yan sanda ya ji halin da ake ciki game da lasisi. Haƙƙinmu ne kuma mu ci gaba da matsa wa waɗanda muka zaɓa lamba, domin tsare rayuka aikinsu ne, ba a kan talaka ya kamata nauyin ya koma ba.

Wanda kuma ya riga ya saya tana ɓoye a gidansa, kada ya jefa ta a rijiya ko a bola inda yaro zai tsinta, kada kuma ya sayar wa wani, domin sayarwar wani laifin ne daban. Ya fara samun lauya ya yi masa bayani, sannan a miƙa ta ga 'yan sanda ko ga cibiyar ƙasa mai kula da yaɗuwar ƙananan makamai, wadda aka kafa a 2021 a ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro. Kafin nan kada ya yi ƙoƙarin kwance ta ko cire mata harsashi da kansa idan bai iya ba.

Shugaban taro, a nan zan dakata domin a ba masu tambaya dama. Wassalamu alaikum warahmatullah.